Rigar Babanta

Kowa ya ɗauka yarinya ce a hoton nan. Ni ma haka na ɗauka, kuma ni ce na rubuta hakan da hannuna. Shi ya sa har in koma ga Allah abin ba zai bar raina ba.

Ina gama sakandare na samu aiki a wani gidan kula da tsofaffi a unguwar Erdington, nan ƙasar Turawa. Ba ni da haƙuri, Mama kullum cewa take bakina ya fi kaina sauri. Cikin waɗanda nake yi wa wanka akwai wata Baturiya da ta kusa casa'in. A gefen gadonta akwai tsohon hoto: wata mata ta matse ƙugu kamar za ta tsinke, wuyan rigarta har haɓa, ga ƙatuwar hula mai gashin tsuntsu. A cinyarta an zaunar da 'yar ƙaramar yarinya cikin farar riga mai leshi, gashi a nannaɗe har kafaɗa.

Kullum sai tsohuwar ta nuna ta ce, "Babana ne."

"Yarinya ce, dubi rigar mana," nake ce mata, ina sauri in wuce ɗaki na gaba.

"Babana ne. Rigar ma tana cikin akwatina."

Ranar da na gaji, na buɗe littafin rahoto na rubuta cewa ta fara ruɗewa, tana kiran yarinya babanta. Layi ɗaya tak. Ban san a makon za a zauna kan lafiyarta ba. Gaskiya tana manta ranaku, amma layina aka karanta a gaban ɗanta. Aka ɗauke ta daga ɗakinta mai kallon lambu, aka kai ta sashen masu ruɗewar ƙwaƙwalwa, inda ƙofa kullum a kulle take.

Ɗan ya kwashe kayanta ya bar rigar, ya ce in ina so in ɗauka. Na ɗaukar wa 'yar yayata. Ƙarshen mako na tafi Manchester wajen Gwaggo a unguwar Fallowfield don ta ɗinke leshin da ya yage, ita da ta daɗe tana gyara wa wani shago tsofaffin tufafi.

Ta sa tabarau ta juya rigar. "Ke, ina kika samo wannan? Ɗinkin hannu ne, ya haura shekara ɗari. Edwardian suke ce wa kayan zamanin. Kin ga ninkin nan uku a ƙasa? Yaro na ƙara tsawo ana kwance ɗaya."

"Yarinya dai, Gwaggo."

"In ji wa? Ke komai kin sani. A lokacin, mace da namiji duk irinta ake sa musu. Sai yaro ya yi wayo ake masa aski a ba shi wando."

Ta buɗe cikin wuyan rigar. An ɗinka suna da jan zare. Sunan namiji, wanda tsohuwar ta sha faɗa mini ban saurara ba.

Na gaya wa Gwaggo abin da na yi. Da ma faɗa ta yi, da ya fi mini sauƙi.

"Kin tambaye ta?"

"A'a."

"To, ɗauki rigar mutane ki mayar."

Ranar Litinin na je ofis na ce kuskure na yi, a sake dubawa. Aka ce sai zama na gaba. Na wuce sashen kulle. Tsohuwar ta rame, an ce tun da aka kawo ta ba ta yi wa kowa magana ba. Na durƙusa na shimfiɗa rigar a cinyarta, na ce, "Rigar babanki ce. Ki yafe mini."

Ta daɗe tana shafa ninkin da yatsa. Can ta ce, "Da huɗu ne. Kakata ta kwance ɗaya." Sannan ta ɗago ta kalle ni. "Ai na gaya miki."

Ba ta kai zama na gaba ba. A can ta rasu, bayan ƙofar da na taimaka aka rufe.

Rashin sanina na ɗauka na rubuta a matsayin ciwonta. Abin da na koya ke nan, kuma a kanta na koya, ita ta ɗauki wahalar. Na nemi littafin, na rubuta a ƙasan layin nan cewa gaskiya ta faɗa, na sa hannu. Tun daga ranar na yanke: duk tsohon da ya faɗi abin da ban gane ba, zan ajiye biro in ja kujera in ce, "Ba ni labari."