Lambobin Yaya da Muryar Baba

Duk gidanmu ba mai taurin kan yayata, kuma yau da bakina zan faɗa: taurin kan nan ya yi mana rana.

Tun muna yara haka take. In ka ari bironta ya ɓace, ka sayo irinsa sak, sai ta jujjuya shi ta ce ba shi ba ne. Da ta girma ta zama mai rubuta manhaja, halin ya bi ta har ofis. Ni ma sana'ar na bi, tebur biyu ne tsakanina da ita, don haka ba labari aka ba ni ba.

A aikinmu ba mai rubuta komai shi kaɗai. Akwai guntayen manhaja da wasu suka rubuta suka zuba a intanet, wannan na sarrafa sauti, wancan na zana maɓalli. Kai dai ka jera sunayensu a fayil guda, kwamfuta ta kwaso ta haɗa da naka. Masu guntayen kuwa kullum cikin canza su suke, kowane canji da lambarsa. Yawancinmu suna kawai muke sawa, mu ce a kawo sabon fitowa. Yaya ko sai ta kafe kowanne da lambarsa, biyu ɗigo huɗu ɗigo ɗaya, ba sama ba ƙasa. Har guntayen da guntayen suka dogara da su sai ta bi ta kafe, sannan ta sauke kwafinsu a wani jan faifan ajiya ta jefa durowa. Anti Ƙusa ake ce mata a ofis. Ni na raɗa mata, Allah ya yafe min.

"Abin da na haɗa yau," takan ce, "ina so ko bayan shekara goma in haɗa, ya fito shi ɗin dai."

Shekara huɗu da suka wuce likita ya ce aikin da za a yi wa Baba a maƙogwaro zai tafi da muryarsa. Baban da in ya yi dariya maƙwabta ke ji. Mu muna ta kuka, Yaya na rataye barguna a tagogin ƙuryar ɗaki don tare hayaniyar waje. Sati uku tana zaunar da shi gaban makirfo yana karanta jimloli. Bayan aikin ta miƙa masa kwamfutar hannu: ya rubuta, ta faɗa da muryarsa, har da yadda yake jan "tooo" kafin ya fara faɗa.

Ranar Litinin ɗin nan kwamfutar ta suɓuce masa a matakala ta tarwatse. Yaya kuma tana asibiti, kwananta ɗaya da haihuwar 'yarta ta fari, jikar Baba ta farko. Laraba za a sallamo su. Na ce ai ga ni, me ake ji? Fayil ɗin muryar na nan, rubutun manhajar Yaya na nan. Na sayo sabuwar kwamfuta, na buɗe jerin guntayen, na ga lambobin shekara huɗu sun yi tsufa. Da rawar kaina na bi na share su tas, na ce a kawo sababbi. Minti goma manhajar ta haɗu. Har wani taku nake da na kai masa falo.

Baba ya rubuta, ya danna. Wata siririyar murya mai sauri ta ce, "Ina wuni." Ba shi ba ne. Kamar ɗan'uwansa na nesa da mura ta kama. Mama ta tashi ta shige kicin. Baba ya kife kwamfutar a kan kujera, ya jawo takarda ya rubuta min: "Da wannan ba zan gaida jikata ba." Wallahi na ji kunya, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Washegari da safe na kira Yaya. Ban gama bayani ba ta katse ni.

"Auta, ka taɓa min lambobi?"

Na amsa laifina.

"Ka mayar da su yadda ka same su. In wani ya ƙi saukowa, duba durowata ta ƙasa."

Na ruga ofis. Na mayar da lambobin daga tsohon kwafin fayil ɗin, kwamfuta ta fara kwasowa, sai ta tsaya cak a kan guntun sautin: mai shi ya cire tsohon daga intanet tun bara. Na fizgo durowar, ga takardar magani, ga cajar waya, ga jan faifan can ƙasa. Na soka, na buɗe. Guntun yana nan, biyu ɗigo huɗu ɗigo ɗaya, da kwanan watan da ta adana shi. Da manhajar ta gama haɗuwa na rubuta "to", na danna.

"Tooo," in ji muryar Baba, a tsakiyar ofis.

Ban san lokacin da na yi tsalle na ture kujera ba. Mai sharar ofis ta ɗauka wuta ce ta ja ni.

Ranar Laraba da hantsi Yaya ta shigo da jaririya a naɗe cikin farin tawul. Baba na zaune, kwamfutar a cinyarsa, ya daɗe yana rubutu da yatsa ɗaya. Mama na bakin ƙofar kicin riƙe da ludayi.

"Tooo," muryar ta cika falon, mai kauri, mai ɗan kaushi, tasa. "Miƙo min ita nan. Yarinya, ni ne kakanki. Ki ji muryata da kyau, uwarki ce ta ajiye miki."

Yaya, wadda ban taɓa ganin hawayenta ba, ta juya ta fuskanci bango.