Yatsan da na karya wa Baba Ilu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yanzu da safen nan ina buɗe shago aka kira ni: Baba Ilu ya rasu.

Wanda bai san shi ba, shi ne mai akwatin magani na ƙungiyarmu ta hoki. Ma'aikacin jinya ne ɗan Gwammaja, amma mu Likita muke ce masa. Duk gasar da za mu, shi da kularsa ta ƙanƙara ne farkon shiga mota.

Masifaffe ne, wallahi. Ko jiƙon da uwarka ta haɗa maka ka zo da shi sansani, sai ya ƙwace ya zubar. "Ka san me ke ciki? To masu gwajin fitsari za su sani." Idan kuma aka zaɓe ka gwajin, wato na kama 'yan wasa masu shan ƙwaya, shi zai raka ka, ya zauna yana ba ka ruwa yana tsokanarka har fitsarin ya zo.

Akwai abin da ban taɓa rubutawa ba. Yau zan faɗa.

A wani wasan ƙarshe, ƙwallo ta tashi daga sandar ɗan wancan ɓangaren ta same ni a gefen kai. Wanda ya san ƙwallon hoki ya san dutse ce. Na faɗi, jini ya wanke mini fuska. Abokaina suka yi abin da muka saba a unguwa: wani ya fasa mini fiya wata a ka, biyu suka kama hannuwana za su miƙar da ni. An ce Baba Ilu da gudu ya shigo yana ihu, "Kada wanda ya ɗaga shi! Ku sake shi!" Ya ture su, ya durƙusa ya riƙe wuyana da hannu biyu.

Da na farfaɗo a bakin fili ya tambaye ni wace ƙungiya muke bugawa da ita. Na kasa faɗa. Ya ce wa koci, "Wannan ya gama."

Ni kuwa na ce sai na koma. Kyaftin ɗinmu ya sunkuyo kamar zai duba ciwon, ya cusa mini ƙwayoyi biyu a tafin hannu, ya ce za su ɗauke zafin. Ina kai su baki Baba Ilu ya buge hannuna, suka watse a ƙasa, ya bi su ya murje da takalmi.

Na ɗauki sandata na kai masa duka. Dattijo, sa'an babana. Ya kare da hannu, na ji ƙas. Yatsansa na tahiya ya karye, ya juya baya.

Ko tsaki bai yi ba. Da hannun hagu ya ci gaba da danne raunina har motar asibiti ta iso. A can hoto ya nuna ƙashin kaina ya tsage, jini yana taruwa a ciki. Likitan asibitin ya ce da na koma filin nan, da gawata za a fitar. Kyaftin kuwa gwaji ya kama shi a ranar, aka dakatar da shi.

Yatsan bai ƙara miƙewa ba. Ni kuma kunya ta hana ni zuwa gidansa. Shekara da shekaru ina hango shi ina canja lungu.

Watan jiya muka yi kaciɓis a Jakara, babu wajen gudu. Ya riƙe hannuna ya ƙi saki, yana dariya. "Ɗan nema, kan yana nan lafiya?" Na buɗe baki zan ce ya yafe mini, sai ya riga ni. Ya ɗago yatsan ya ce, "Da wannan nake tahiya. Sau biyar a rana sai na tuna ka, sai in sa ka a addu'a."

Na ce zan zo gida mu yi magana. Ban je ba.

Baba, ka yafe mini. Yau na faɗa, ba ka nan ka ji.

Ya Allah, hannun daman nan da ya riƙe wuyana da shi, Ka ba shi littafinsa a cikinsa. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa. Za a yi jana'iza bayan azahar a ƙofar gidansa. Don Allah wanda ya karanta wannan ya yi masa addu'a, ni ma ya roƙa mini gafara.