Hoton Kasuwar Gwashi

Mu huɗu ne muka ɗauki abin da zafi, sauran duk 'yan kallo ne. Akwai tela a Gummi, akwai mai shagon cajin waya a Anka, akwai malamin firamare a Zugu, sai ni da nake sayar da magani a Bukkuyum. Babu wanda ya taɓa riƙe kyamara ta gaske a cikinmu. Wayoyi ne kawai, tawa ma gilashinta a tsage yake. Amma in ka ji cika bakinmu a zauren da muka buɗe a waya, sai ka rantse a gidan jarida muke aiki.

Tsarin mai sauƙi ne: ka ɗauki hoto, ka turo, a yi maka ca. Tela ne sarkin baki. Na taɓa tura hoton wani tsoho mai faskare, ya ce, "Kai mai magani, ka yanke wa bawan Allah ƙahwa, da mi za shi koma gida?" Ni kuma na tsani yadda yake tula kala, har ganyen dawa ya koma kamar atamfa. Mun sha yin kwanaki ba ma gaisawa a kan wannan.

Malam ya fi mu ido, kuma duk mun sani, ko da yake ba ma faɗa. Ba ya gardama. In an ce ya gyara, sai ya ce, "To, madalla," ya gyara.

Doka ɗaya muke da ita. Wani ya taɓa sace hoton gulbi da tela ya ɗauka, ya buga shi a kalandar biki, tela ya kusa haukacewa. Tun daga ranar, duk hoton da za a turo sai an rubuta sunan mai shi da garinsa a kusurwar ƙasa da farin rubutu. Malam ya ce shi bai ga amfanin abin ba. Tela ya ce, "Guminka ne, Malam, ka sa suna." Ya sa.

Wata ranar kasuwa Malam ya je Gwashi ya ɗauko hoton wata Bafulatana mai nono. Rana ta faɗo kan ƙwaryarta, bayanta kuma wata tsamiya ce, inuwarta baƙi ƙirin. Wallahi hoton ya yi. Amma tela ba zai ga abu ya yi shiru ba, ya ce bayan ya yi duhu da yawa, a ɗaga inuwar. Mai caji ya nuna masa inda zai ja da yatsa. Malam ya ja, ya sake turowa, muka yi ta zuba masa yabo.

Ƙwarya muke kallo. Haske muke kallo. Babu ɗayanmu da ya lura cewa inuwar da aka ɗaga ta fito da babura a jingine, da wasu maza zaune da fuskokinsu tar, da bakin bindiga kusa da ƙafar ɗayansu. Wani daga cikin 'yan kallon zauren ne ya gani, ya zagaye su da jan layi, ya tura gaba. Kafin mu farga hoton ya shiga kowace waya daga Anka har Gummi, ana cewa ga mutanen dajin da suka hana mu noma. Sunan Malam da na garinsa suna nan a kusurwa.

Duk wanda ya zauna a yankinmu a shekarun nan ya san ma'anar wannan. In mutanen daji suka yi zargin kai ne ka nuna su, ba sa tsayawa tambaya.

Tela ya hawo babur tun daga Gummi, ya iso shagona. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa ya zauna a benci ya kasa gama sallama. Ya yanke kusurwar hoton mai sunan, ya mayar da duhun, muka watsa sabon ko zai danne tsohon. Ina! Wa zai tura hoton nono? Mai caji kuwa duk wayar da aka kawo masa sai ya buɗe ya goge hoton ba tare da sanin mai ita ba, har aka kusa yi masa duka.

Da Malam ya shigo Bukkuyum na tsare shi, na ce ya tattara ya bar Zugu yau ɗin nan. Har tsawa na yi masa.

Ya ce, "In tahi in bar Inna ga wa? Ba ta iya zama bisa babur. Ga gero ba a yanke ba."

Na ce gero ya ci kansa. Ya yi murmushi, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Abu ɗaya ya roƙa: duk wani hoto mai sunansa mu goge shi, kada a tare ɗayanmu a hanya a gani. Muka bi wayoyinmu ɗaya bayan ɗaya. Rijiyoyinsa, 'yan makarantarsa, shanunsa a bakin gulbi, duk muka share. Muka rufe zauren.

Da rana tsaka mutanen daji suka tare Malam, yana komawa gida daga karɓo allin makaranta. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauko shi ne ya ba mu labari, don shi sun sake shi. Ya ce ɗayansu ya fito da waya, ya karanta sunan a hankali kamar mai koyon boko, ya ce, "Kai ne?" Malam ya ce shi ne. Suka shiga daji da shi da wayarsa. Ba su kira kowa neman kuɗin fansa ba, kuma a wurinmu rashin kiran shi ne amsar.

Bayan an yi girbi dangi suka ɗauko Inna, mahaifiyar Malam, a mota suka dawo da ita Bukkuyum. Wata safiya sai ga ta a ƙofar shagona da sanda. Na durƙusa na gaishe ta, na ɗauka ciwon ƙafa ya kawo ta.

Ta ce, "An ce ku ne abokan hotonshi. Kullum hwaɗa nika yi mashi, ban taɓa dubawa ba. Ka gwada mini abin da yaka ɗauka."

Na kira tela, na kira mai caji, na sa suka zazzage tsofaffin memorin wayoyinsu. Ko ɗaya babu. Na ji kamar in fasa wayata da ƙasa. Sai wani mai sayen maganin tari da yake jinmu ya ce shi yana da guda. Kafin in hana shi ya miƙa mata. Hoton Gwashi ne, da jan layinsa.

Ta tambaye ni ko wanga ne anka tahi da shi a kansa. Na ce shi ne, Inna. Ta matso da wayar dab da idonta. Ba ta kalli mutanen gindin tsamiya ba, Bafulatanar take kallo, ta daɗe sosai.

Ta ce, "Ashe yaron ya iya."