Ina Saman Eriya Aka Kai Malam Nuhu

Da safen nan labari ya same ni a saman ƙarfen eriya: Malam Nuhu ya rasu, jana'iza da hantsi a Gagarawa.

Shi ya koya mini aikin nan. Mu biyu muke kula da netwok ɗin wasu ƙananan asibitoci a Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Kowanne da rautarsa, akwatin da ke raba intanet. Rautocin namu ba sa riƙe lokaci. Batirin sola na mutuwa sai su farka a wata tsohuwar shekara, shafin asibiti kuwa ba ya buɗewa in kwanan wata ba daidai ba. Malam ya saita su suna tambayar juna ƙarfe nawa, kowacce tana gyara agogonta da na 'yan uwanta.

Ko difloma ban gama ba, amma Injiniya yake ce mini.

Ranar da na fara hawa ƙarfen eriya, bel ɗinsa na tsaro ya ɗaura mini, shi ya hau da igiya.

Haɗuwarmu ta ƙarshe wurin mai shayi ne a Gagarawa Tasha. Na ce saitin nan ya ishe ni, mu naɗa rautar Gumel oga, saura su bi ta. Ya yi dariya ya ce, "Injiniya, ranar da ogan ya kauce, wa zai gaya masa? Sha shayinka."

Iskar jiya ce ta juya eriyar wani asibitin ƙauye a Sule Tankarkar, rautarsu ta daina jin saura, agogonta ya rikice. Ga mai naƙuda kwance, nas tana son tura hoton sikanin cikinta ga likita a Gumel. Ƙauyen babu sabis sai can sama, shi ya sa ma kiran ya same ni.

Daga ƙasa nas take ɗaga murya tana ce mini, "Malam, har yanzu fa bai buɗe ba!"

Na kalli hanyar Gagarawa. Ban sauko ba.

Eriya ta daidaita, amma rauta ba ta san sauri ba, sai ta tambaya ta sake tambaya kafin ta yarda da agogon 'yar uwarta. Hoton ya tafi, likita ya ce maza a kawo matar.

Na isa Gagarawa ana dawowa daga maƙabarta. Ƙanen Malam ya riƙe hannuna ya ce, "Mun ɗan jira ka."

Wallahi na gaji, jikina da zuciyata.

Allah Ka yafe wa Malam Nuhu, Ka haskaka kabarinsa, Ka dubi iyalinsa. Ni ban samu sallarsa ba. Don Allah duk wanda ya karanta, ya tsaya ya yi masa addu'a, ku cike mini gurbina a sahu.