Bikon Shanun Jaɓɓi

Ni Kulu ta Bahindi ban san baƙi ba, amma bakina bai taɓa ba ni kunya ba. Faɗi nake ana rubutawa, don masu tambayar abin da ya kai tsohuwa kamata ƙasar Benin su ji daga bakin mai ita.

Rana ta farko: Bahindi zuwa Kaoje

Ina sallame sallar asuba na ɗaure ƙunshina, ko kunu ban tsaya sha ba. Ɗana Sani ya biyo ni ƙofar gida.

"Inna, ki haƙura. Gonar ga ta mutu. An samu mai so, a sayar kafin ruwa ya sauka."

"Gonar ubanka ce, ba akuya ba. Ba ni kwana uku."

Ga yadda ta mutu. Tun mijina Malam na da rai, duk kaka in an kwashe dawa, wani Bafulatani mai suna Jaɓɓi yakan sauka gonarmu da garkensa. Shanu su ci kara, su kwana, su bar kashi da fitsari. Bayan 'yan kwanaki ya matsa da su gaba, har sai sun take gonar kaf. Mu ba shi dami, matarsa Dija ta cika mu da nono. Bayan rasuwar Malam, wata shekara shanun suka cinye mini harawa. Jaɓɓi ya zo ba da haƙuri, na tsaya gaban mutane na ce ya kwashe ƙazantarsa, takin buhu ya ishe ni. Ya kaɗa garkensa bai sake dawowa ba, aka ce ya tsallaka Benin. Daga nan na koma share gona kamar tsakar gida. Kara, ciyawa, buntun shinkafa, duk in tara in sa wuta. Ana cewa ba gona mai tsabtar ta Kulu, kaina yana ta kumbura. Shekarun farko dawa ta yi. Daga baya ƙasa ta yi fari ta daskare, ruwa ya faɗo ya gudu bai shiga ba. Bara duk takin da aka zuba, dawar iya gwiwa ta tsaya.

Kabu-kabu ya sauke ni tashar Bagudo rana na ɓullowa. Motar Kaoje ba ta cika ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Direban ya kalle ni ya ce, "Kaka, ina za a ke kaɗai, ba ango?"

"Biko za ni."

"Wa ya yi yaji?"

"Shanu." Mota ta ɗauki dariya, ni ban yi ba.

Kusa da ni wani malamin gona ne. Da muka hau gadar kogin Kwara na kwance gefen zane na nuna masa curin ƙasar gonata. Ya murje da ƙyar, ya shinshina.

"Inna, ba ta da ƙamshi. Ƙasa mai rai akwai ƙananan halittu cikinta da ido bai gani. Su ke fitar da wani abu kamar miyau, ya narkar da kara da kashin dabba, shuka ta samu na sha. Takin buhu shuka yake ciyarwa, ba su ba. In kin ƙone abincinsu, mi za su ci?"

"Tun ba a haifi uwarka ba nake noma," na ce masa. Ya kakkaɓe hannunsa. Amma har Kaoje maganarsa na zaune mini a ƙirji.

Mun isa da azahar. Na sauka gidan Hadiza, ɗiyar ƙanwata, ta yi mini tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi. Bayan ɗakinta ga tsibin buntu da toka da kashin awaki yana ruɓewa, wanda na taɓa yi mata gori a kansa. Na kau da kai kamar ban gani ba.

Rana ta biyu: Kaoje zuwa rugar Dija

Da sassafe na shiga motar Tsamiya, garin bakin iyaka. Hanya ramuka, shinge bayan shinge, kowane a leƙo a ce "Sannu Mama" a ɗaga sanda. A bakin iyaka wani ya tambayi takardata. Na ce ya dubi furfurata, ta girmi shingensa. Ya yi murmushi ya rubuta sunana.

Wani kabu-kabun na hau a tsallake. Ruga uku muka tambaya kafin a nuna mana ta su Jaɓɓi, a tsakiyar wata gonar masara da aka girbe. Ana kiran la'asar muka isa. Dija ta tsufa, amma ido na nan.

"A'a! Kulu mai tsintsiya! Ƙazantarmu kika biyo har nan?"

"Ita na biyo. Ina Jaɓɓi?"

Ta ajiye ƙwaryar hannunta. "Damina biyu ke nan da rufe shi."

Tun daga Bahindi nake gyara kalmomin da zan faɗa masa. Na zauna a ƙasa ban jira tabarma ba.

Da na sha fura, ta ja ni cikin gonar ta ce in tona. Da yatsa na tona, ba fartanya. Ƙasa baƙa, lugui-lugui, tana ƙamshin ruwan farko, ga tana na murɗawa. Haka tamu take da, na manta.

"Ke da kika iya dama fura," in ji Dija, "madara tana zama nono in ba a ɗiga mata na jiya ba? Kin wanke ƙwaryar tas, kina jira ta kama."

Na roƙe ta su dawo ko kaka ɗaya. Ta kira ɗanta Buba, wanda garken ke hannunsa yanzu. Ya durƙusa ya ce, "Goggo, mai gonar nan shi ya karɓe mu lokacin da ba mu da masauki. Baffa, Allah ya jiƙansa, ya yi masa alkawari. Ba ni zan karya ba." Ban yi gardama ba. Karo na farko ke nan a rayuwata.

Kafin magariba Dija ta sa aka kankaro mini rabin buhu daga tsohon makwancin shanu, taki da ƙasa a haɗe. Tana ɗaure bakin buhun ta ce, "Duk kaka sai Jaɓɓi ya ce ko wa ke ciyar da gonar Malam. Bai taɓa ambatar zagin ba." Da ma ta ce ya tsine mini, da ya fi sauƙi.

Rana ta uku: komawa gida

A shingen kwastan wani ya hango buhun ya taso da sauri, yana zaton shinkafa ce. Ya zura hannu har gwiwa, ya zaro.

"Mama! Kashin shanu kika tsallaka ƙasa ki ɗauko? Babu a Najeriya?"

"Akwai. Wannan na waɗanda na kora ne."

Bai gane ba, ya tafi neman ruwa.

Na iso Bahindi ana shirin magariba. Sani ya dubi buhun ya ce ko kunya biyu a gonar ba zai rufe ba. Na ce na sani, na jiya ne da za a ɗiga. A haƙa rami, a zuba buntu da kara da sharar turken awaki, a gauraya da wannan, a riƙa yayyafa ruwa. Kuma in kaka ta yi, ni da ƙafata zan je wurin duk Bafulatanin da ya sauka kusa. Sani ya ce ya ba ni damina biyu.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Hadiza, da malamin gonar da na yi wa baƙar magana ban ko tambayi sunansa ba, da Dija da ta ba ni fura kafin ta ba ni amsa. Buhun na sauke shi a rami. Haƙurin da na ɗauka zan ba Jaɓɓi kuwa, da shi na dawo, har yau ban sami inda zan ajiye ba.