Dattijo Mai Ɗaura Sifirin Bawul

Wani akawu yana zaune a bencin gareji yana jiran a gyara masa birki, idonsa na kan wani dattijo da ya sunkuya a kan injin motar tsere. Tabarau ya zamo masa har ƙarshen hanci. Yana ɗaukar sifirin bawul, murɗaɗɗen ƙarfen nan mai rufe ƙofar iskar inji, ya auna tsayinsa, ya juya gefen da ya fi matsewa ƙasa, sannan ya danne shi a hankali kamar mai kwantar da jariri.

Akawu ya ji sanyi a ransa, yau ga ɗan'uwansa a taka-tsantsan. Lalle wannan ma sai ya jera takalmansa yake kwanciya, kuma matarsa na yi masa gorin tuƙin hawainiya.

"Baba, mai motar ya yi dace da kai," in ji akawu. "Yaran yanzu ba sa tsoron gudu."

"Tawa ce, malam," dattijon ya amsa bai ko ɗago ba. "In ɗaya ya zauna a karkace, bawul zai daki fistin, inji ya fashe ina tsakiyar gudu."

Akawu ya waiwaya ya dubi tasa motar, wadda masu keke suka saba wuce ta suna yi masa sannu.