Igiyar Iya Dije da Takardar Gwajin Jini

Na fi wata biyu ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna a firamare ya tsaya, ina tsoron in rubuta abin da ba haka yake ba. Amma lokaci ya ƙure mini.

Muna yara a Ɗanzomo, kakarmu Iya Dije takan hura wutar kara a tsakar gida bayan sallar isha, mu kewaye ta. Ni take jawowa kusa. "Matso, maigida," in ji ta, "mijin da bai taɓa saya mini ko ɗankwali ba."

Tatsuniyar da ta fi tsorata ni ita ce ta mai tufkar igiya. Wai ya tufka igiyar rama guda biyu, a kowacce ya murɗa sili ɗaya a baibai, bai lura ba. Kowacce ta shekara tana jan guga lafiya lau. Ran da za a yashe rijiyar garin, igiya ɗaya ba ta kai ƙasa ba, sai aka ƙulla su biyun, aka zura ɗansa ciki. A nan Iya takan koma tona wuta.

"Sai me, Iya?"

"Sai suka ji igiya ta yi sakayau a hannunsu."

A da na ɗauka gargaɗi ne kan aikin ganganci. Bana na sake tuna ta, da 'yata Hadiza da saurayinta suka yi gwajin jini na aure a Gumel. Ma'aikaciyar asibitin ta ce mini, "Baba, a cikin jini akwai wani furotin, kamar dogon zare ne da aka jera wa duwatsu, ya naɗe a wata siffa tasa. In dutse ɗaya ya sauya, sai furotin ɗin ya riƙa mannewa da 'yan uwansa, ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje. Sikila ke nan." Ta ce iri-iri ne, akwai A, akwai S, akwai C. Hadiza AS ce, yaron AC. Ta ce mu dawo tare da shi. Na gyaɗa kai kamar na gane, kunya ta hana ni tambaya.

Kawun yaron ya ce, "Haba Malam, ai ba S gare shi ba, wane komawa kuma?" Ni kuwa da hannuna na sa ɗan ƙanwata mai sikila a kabari, kuma na ji irin kukan da yake yi in ƙasusuwansa suka tashi.

An sa biki bayan ƙaramar Sallah. Hadiza tana son yaron, ni ma ina sonsa. Don Allah, duk mai sani cikinku masu karanta wannan ya faɗa mini a Hausa mai sauƙi: in S ya haɗu da C a jikin jariri, me zai same shi? Ban amsa wa kawun ba tukuna, kuma Juma'a zai dawo.